MUNGO PARK, BAƘON DA YA RATSA KOGIN ISA BAI YI SALLAMA BA

Shekaru fiye da ɗari biyu ke nan da wani ƙaramin jirgi ya gangaro kogin Isa, ya shigo ƙasar da ake kira Nijar a yau ta wajen Labbezanga, ya wuce Ayoru da Tilaberi da inda birnin Yamai yake yanzu, ya wuce Sayi da Gaya, ya nufi Yawuri. Mai jirgin shi ne Mungo Park, likita ɗan ƙasar Sikotilan, kuma iyakar abin da tarihi ya riƙe, shi ne Bature na farko da ya bi wannan yanki na kogin. Ƴan lakkol da dama sun san sunansa. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne yadda aka yi tafiyar, da irin jirgin da aka yi ta da shi, da dalilin da ya sa ko layi ɗaya na abin da ya rubuta game da ƙasar nan bai tsira ba.

An haifi Mungo Park a watan Satumba na 1771 a wata gona kusa da garin Selkirk. Ubansa manomi ne mai ƴaƴa goma sha uku, shi ne na bakwai. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi koyon aikin likita wajen wani mai suna Thomas Anderson, daga nan ya shiga jami'ar Edimbara. A 1793 ya sami aikin mataimakin likita a wani jirgin fatake da ya kai shi tsibirin Sumatara, ya komo da bayanin kifaye da tsirrai, abin da ya ƙara masa daraja a idon Joseph Banks, babban masanin Landan na lokacin.

Shi Banks yana cikin shugabannin wata ƙungiya ta masana da attajirai da aka kafa a Landan a 1788 domin binciken tsakiyar Afirka. Babbar tambayarsu ita ce kogin da Bambarawa ke kira Joliba, Zabarmawa da Sanwai ke kira Isa, Hausawa ke kira Kwara: shin gabas yake kwarara ko yamma, kuma ina yake ƙarewa? Tambaya ce ta mutanen nesa, don kuwa babu masuncin Segu da ya taɓa shakkar inda ruwansa ya dosa. Amma kogin yana da ruɗarwa ga mai duban taswira. Yana tasowa daga duwatsun Gine, kimanin kilometir 240 daga teku, sai ya ba tekun baya, ya nufi arewa maso gabas har bakin hamada, sa'an nan ya karkato kudu, ya yi tafiyar kilometir wajen 4,200 kafin ya gama. Ƙungiyar ta riga ta aiki Daniel Houghton ta hanyar Gambiya, bai komo ba. Park ya nemi aikin, aka ba shi.

Ya sauka Gambiya a watan Yuni na 1795, ya zauna a Pisaniya yana koyon harshen Mandingo yana jinyar masassara. Ranar 2 ga Disamba ya kama hanya da doki ɗaya, da jakuna biyu, da tafinta, da yaro guda. A ƙasar Ludamar wani shugaban Larabawan hamada mai suna Ali ya tsare shi wata huɗu cikin wulakanci da ƙishirwa. Wannan tsarewa ya kamata mai karatu ya riƙe ta, domin tsoron da ta dasa a zuciyarsa bai fita ba har mutuwarsa, kuma shi ne tushen yawancin abin da ya aikata shekara goma bayan haka. Ya tsere a farkon Yuli na 1796, kuma kafin watan ya ƙare ya tsaya a bakin kogi a Segu, ya ga ruwa yana tafiya gabas.

A mafitar Segu ya lura da wani abu da ya yi masa amfani daga baya. Jiragen fito na garin da kututture biyu ake yin su, a fafe kowanne, sa'an nan a haɗa su baki da baki, a ɗinke su a tsakiya, su zama jirgi ɗaya dogo siriri wanda ke ɗaukar dawaki huɗu da mutane. Sarkin Segu, Manson, bai yarda ya gan shi ba, amma ya aika masa da wuri 5,000 na guzuri. Wata mata ce ta tarar da shi zaune gindin itace da magariba, ta kai shi gidanta, ta gasa masa kifi. Ya bi gaɓar kogin har Silla, ƙarfi ya ƙare, ya juya. Ciwo ya kwantar da shi wata bakwai a Kamaliya, a gidan wani fataken bayi mai suna Karfa Taura, kuma tare da ayarin bayi ya koma Gambiya a 1797. Littafin da ya buga a 1799 ya sa sunansa ya cika Turai. A shekarar nan ya auri Allison, ɗiyar maigidansa na dā, daga baya ya zauna aikin likita a garin Peebles, aikin da bai taɓa gamsar da shi ba.

Rabin tambayar aka amsa. Wasu masana na cewa kogin yana ƙafewa cikin fadamu a tsakiyar ƙasa, wasu na cewa yana haɗuwa da Nilu, shi kuwa Park ya karkata ga ra'ayin cewa shi ne kogin Kwango. Hanyar rabe gardama ɗaya ce: a shiga jirgi a bi ruwan har inda ya tsaya. Wannan karon gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyi. Ya tashi a ƙarshen Janairu na 1805 da muƙamin kyaftin, tare da ɗan'uwan matarsa Alexander Anderson, da mai zane George Scott, da kafintoci. A tsibirin Gore ya ɗauki hafsa Martyn da sojoji 35 da matuƙa jirgi biyu. Jagoransu wani fatake ne mai suna Isaako.

Jinkirin da aka yi a Landan shi ya kashe su. Ba su bar Gambiya ba sai da bazara ta yi nisa, damina ta same su a hanya. Masassara da atuni suka dinga ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, jakuna na mutuwa, kaya na ɓata. Da suka ga kogin a Bamako cikin Agusta, Turawa goma sha ɗaya suka rage da rai. Ba a yi yaƙi da kowa ba, ciwo ne kawai. Kafintocin da za su sassaƙa jirgi duk babu mai moruwa.

Manson ya ba su izinin zama a Sansandin, babbar kasuwa ce arewa maso gabas da Segu, ya kuma yi alkawarin jirgi. A gaban manzannin sarkin, Park ya bayyana manufarsa a fili: in aka gano bakin kogin, jiragen Ingila za su riƙa kawo bindiga da albarushi da tufafi kai tsaye, a huta da tsadar fataken hamada. Ga sarki magana ce mai daɗi. Ga attajiran da arzikinsu ya dogara ga raƙuman Tumbutu kuwa, sanarwar mutuwar kasuwa ce, kuma labari ya fi jirgi sauri. Daɗin daɗawa, don ya sami wurin sayen guzuri, Park ya buɗe rumfa a kasuwar yana sayar da hajarsa, har wata rana ya yi cinikin wuri fiye da 25,000. Ƴan kasuwar suka kai kuka wajen Manson, suka nemi a kashe baƙin ko a kore su. Sarki ya ƙi.

Jiragen da aka kawo masa kowanne rabinsa ruɓaɓɓe ne. Shi da soja ɗaya mai sauran ƙarfi, Abraham Bolton, suka yanke ruɓaɓɓen, suka haɗa masu kyau biyun bisa dabarar da ya gani a Segu. Kwana goma sha takwas suna aiki. Abin da ya fito jirgi ne mai tsawon metir 12, faɗinsa bai cika metir 2 ba, gindinsa shimfiɗaɗɗe, kuma ko an yi masa lodi santimetir 30 kawai yake nitsewa. Suka yi masa rumfa da ƙiraga don kare kibiya da mashi, suka sa masa suna Joliba. Ana cikin haka Anderson ya rasu ranar 28 ga Oktoba.

Alal haƙiƙa, ta fannin sassaƙa Park ya yi daidai, kuma sai an san halin kogin za a gane haka. Daga Masina zuwa Gawo, Isa kogi ne mai faɗi marar zurfi. Yana rarrabuwa rassa rassa, ya bazu cikin fadamun ciyawar burgu, ya shiga tafkin Debo ya fita, sa'an nan daga Tumbutu ya ratsa hamada sosai, inda tuddan rairayi ke gangarowa har bakin ruwa. Yashin da ke ƙarƙashi ba ya zama wuri ɗaya. Hanyar da jirgi ya bi bana, baɗi tsibiri ce. Don haka matuƙan wurin suka fi dogara ga doguwar gora da suke tokara ƙasa da ita, filafili sai inda gora ta kasa taɓa ƙasa. Jirgi mai zurfin ciki ba shi da amfani a irin wannan ruwa.

Lokacin ma ya dace da shi, ko da yake ba shi ya zaɓa ba. Ruwan da aka yi a Gine da damina yana cika kogi a Bamako wajen Satumba, sai fadamun Masina su riƙe shi su dinga saki sannu sannu. Ba ya kai ƙarshen cikarsa a Tumbutu sai wajen ƙarshen Disamba, a Yamai kuwa sai Janairu ko Fabrairu, lokacin da aka yi watanni ba a ga hadari ba. Mazauna Yamai sun san wannan cika ta tsakiyar ɗari, sun kuma san yadda kogin ke janyewa a Mayu da Yuni har a wasu wurare mutum ya ƙetare da ƙafa. A 1985 ma ruwan ya daina gudu ƙaf a gaban birnin. Wanda ya bar Sansandin cikin Nuwamba, to tare da ruwan cika yake tafiya.

Sai dai kogi ba ruwa kaɗai ba ne. Kowane yanki na Isa yana da masu shi. Akwai Somono da Bozo a sama, akwai Sarkawa a ƙasa, su ne suka san inda dutse yake kwance, da reshen da ke fita da wanda ke mutuwa cikin burgu, da zurfin da dorina ke kwana. A wancan zamani akwai sarakunan gari da sarakunan ruwa masu karɓar kuɗin fito, akwai Abzinawan da ke karɓar kuɗin hanya daga duk jirgin da ya nufi Kabara, mashigin Tumbutu. Bafaranshen nan René Caillié, wanda ya bi wannan hanya daga Jenne a 1828 cikin babban jirgin fatake na katakai da aka ɗinke da igiya, ya ga yadda ake yi: kusan wata guda ana tafiya, ana kwarfe ruwa dare da rana, ana tsayawa, ana ciniki, ana biya, a wuce. Haka tsarin yake a lokacin. Matafiyi yakan sauka ya yi gaisuwa, ya ba da abin da ya sawwaƙa, a ba shi matuƙin da zai fitar da shi zuwa iyakar ƙasar gaba. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, balle a kan ruwa.

Wannan tsari shi Park ya ƙudura ba zai bi ba. Cikin Turawa 44 da suka baro Gambiya, biyar suka rage: shi, da Martyn, da sojoji uku, ɗayansu ma ya taɓu. Ya sallami Isaako da wasiƙu da littafin tafiyarsa, ya ɗauki sabon tafinta mai suna Amadi Fatuma da bayi na tuƙi, ya tara guzuri mai yawa, ya jera bindigogi ɗure a cikin jirgi. Wasiƙarsa ta ƙarshe tana ɗauke da ranar 19 ga Nuwamba 1805. Niyyarsa ita ce ya riƙe tsakiyar ruwa, kada ya sauka ko'ina har teku.

Abin da ya biyo baya, mafi yawansa daga bakin Amadi Fatuma aka ji shi, bayan shekara biyar. Tun daga wajen tafkin Debo jirage suka fara tare su, aka kore su da wuta. Haka aka yi a Kabara, haka aka yi bayan Tumbutu, kuma yawan masu bin su yana ƙaruwa, har wata rana jirage wajen sittin suka biyo su. Kowane karo bindiga ce ke amsawa, mutane na faɗawa ruwa. Amadi ya ce da kisan ya yi yawa ya riƙe hannun Martyn ya roƙe shi ya daina harbi, saura kaɗan Martyn ya kashe shi, sai da Park ya shiga tsakani. In abinci ya yi ƙasa, Amadi kaɗai ke sauka ya sayo shinkafa da albasa da kaji. Sau ɗaya jirgin ya hau dutse, wata dorina kuma ta kusa kifar da shi. Ciwo ya ƙara rage sojojin a hanya.

Mai adalci ba zai rasa yi masa uzuri ba. Mutum biyar marasa lafiya ba su da ƙarfin da za su tsaya gaban kowa a tudu, attajiran Sansandin ba masoyansa ba ne, kuma wanda ya sha ɗaurin Ludamar ba zai so ya sake faɗawa hannun mutanen hamada ba. Amma babu mai iya rantsewa cewa duk jirgin da ya nufo shi da yaƙi ya zo. Mai neman kuɗin hanya, da mai tallar nono, da mai son ganin abin mamaki, duk kamanninsu ɗaya ga wanda ke leƙe ta ƙarƙashin ƙirgi da yatsa a kan kunama. Wannan jini bai bushe da wuri ba. Gordon Laing, wanda ya isa Tumbutu ta hamada a 1826 aka kuma kashe shi a shekarar, ya koka a wasiƙunsa cewa halin Park ya ɓata wa na bayansa hanya. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, da ya bi gaɓar kogin daga Tumbutu zuwa Gawo da Sayi a 1854, ya tarar da tsofaffin da ke tuna jirgin Nasaran da ke harbin duk wanda ya matso.

Duk da haka jirgin ya wuce. Ya fita ta matsatsin Tosaye kusa da Burem, inda kogin ke tsukewa tsakanin duwatsu, ya wuce Gawo, ya tsallake duwatsun da ke tsakanin Ansongo da Labbezanga, waɗanda har matuƙan wurin ke shakka, ya ratsa tsibiran Ayoru da Tilaberi, ya bi lanƙwashe lanƙwashen da ke kudu da Sayi. Kilometir wajen 550 na kogin suna cikin Nijar ta yau, kuma duk ya bi su ba tare da matuƙin gari ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ko da ruwan cika ya rufe masa duwatsu da yawa. Mutum ne mai rubuta abin da ya gani kullum, mai auna rana da taurari. Da takardunsa sun tsira, da an sami bayanin garuruwan Zabarmawa da na Dandi na farkon ƙarni na 19, kusan shekara hamsin kafin Barth.

A farkon 1806 suka iso Yawuri, bayan tafiyar da ta haura kilometir 1,600 daga Sansandin. Nan yarjejeniyar Amadi ta ƙare, ya sauka. Ƙasar kuwa a lokacin tana cikin zaman ɗar ɗar. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, Birnin Kabi ya faɗi a 1805, kowane sarki na bakin Kwara yana sauraron abin da zai ɓullo daga arewa. 

Daga nan ruwaya ta rabu. Amadi ya ce Park ya ba wani hakimi kyauta ya kai wa Sarkin Yawuri, hakimin ya tambaya ko baƙin za su komo, da ya ji ba za su komo ba sai ya danne kayan, ya gaya wa sarki sun wuce ba su ba da kome ba, sarki ya fusata ya tura mayaƙa. Wata takardar Larabci da Hugh Clapperton ya samu a ƙasar Hausa ta ce sarkin ya karɓi kyauta, ya nemi su dakata ya aiko musu da manzo, su kuwa suka tsorata suka tashi. A Busa kuma an gaya wa Turawan da suka zo daga baya cewa an ɗauki jirgin na mayaƙan Fulani ne. Inda duk suka haɗu shi ne ƙarshen. A Busa kogin yana rabuwa tsakanin tsibirai da duwatsu, ruwa yana gudu da ƙarfi, kuma sai ɗan gari ya san ƙofar da ke ɓullewa. Joliba ya maƙale. Aka yi ta jifa da kibau da masu daga gaɓa, na cikin jirgi suka zubar da kaya don ya yi sauƙi, bai motsa ba. Park da Martyn da sauran suka faɗa ruwa, ruwa ya ci su. Bawa ɗaya ya tsira, kuma daga bakinsa Amadi ya ji yadda aka ƙare, don shi ba ya wurin. Park yana da shekara 34.

Shiru ya yi yawa, sai a 1810 gwamnan Ingila na Senegal ya aiki Isaako neman labari. Ya sami Amadi kusa da Sansandin, ya komo da bayaninsa a 1811. Clapperton ya ziyarci Busa a 1826. Ɗan Park na biyu, Thomas, wanda bai yarda ubansa ya mutu ba, ya sauka gaɓar ƙasar Gana ta yau a 1827 don ya neme shi, bai yi nisa ba ya rasu. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Busa, suka yi ta neman littafin tafiyar, abin da aka nuna musu bai wuce wani littafin lissafi da ƴan tarkace ba. Su ne suka ƙarasa aikin. Sun zauna watanni suna lallashin sarakunan Busa da Wawa da Yawuri, suka sami kwalekwale da matuƙa, suka gangara, aka kama su a hanya aka fanshe su, kuma a watan Nuwamba na 1830 suka fita teku ta ɗaya daga cikin bakunan kogin a yankin Brass. Ashe bakunan nan su ne waɗanda jiragen Turawa suka yi ƙarnuka suna sayen bayi da manja a cikinsu.

Yankin da ke tsakanin Tumbutu da Busa kuwa, Bature bai sake bin sa duka ta ruwa ba sai a 1896, lokacin da hafsan jiragen ruwan Faransa Hourst ya gangaro da ƙananan jirage uku. Shi ya yi ta sauka yana gaisuwa, yana kiran kansa ɗan'uwan Abdul Karim don Abzinawa su karɓe shi, ya zauna watanni kusa da Sayi yana jiran ruwa ya cika. Taswirar da ya zana ba ta daɗe ba ta shiga hannun sojojin da suka zo cin ƙasar.

Allison, matar Park, ta rayu har 1840. An kafa masa gunki a Selkirk. Tsohon garin Busa da duwatsun da jirgin ya maƙale a kansu suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, lokacin da aka gama madatsar ruwan aka mai da mutanen garin Sabuwar Busa.